Monitan kunne na awo: yadda ake yin sa da yadda mawaƙi zai yi aiki da shi a dandamali

Mawaƙin da ba ya jin kansa a dandamali abu biyu ke samun sa: ko ya kauce wa karin waƙa bai sani ba, ko ya yi ta ɗaga murya har ta dishe kafin a kai rabin taro. Maganin da aka saba da shi shi ne lasifikar nan da ake kwantarwa a gaban mawaƙi tana kallon fuskarsa. Sai dai ita tana zuwa da rigimarta. Mai fiyano ya ce a ƙara masa, mai ganga ya ce shi ma, 'yan amshi su ce ba sa jin komai, kafin ka ankara dandamali ya fi wajen 'yan kallo ƙara, makirfo kuma ya fara kukan nan mai tsaga kunne. Monitan cikin kunne, wato 'yar na'urar sauraro da mawaƙi ke cusawa a kunnensa, ya zo ne don ya raba wannan gardama: kowa ya ji abin da yake so a cikin kunnensa, ba tare da ya cika wa na kusa da shi kunne ba.

Iri biyu ne. Akwai na kanti, mai bakin roba ko soso da kowa zai iya cusawa. Akwai kuma na awo, wanda ake ƙerawa daidai da ramin kunnen mutum ɗaya, kamar yadda tela ke ɗinka riga; ko ɗan'uwanka na jini ba zai shiga kunnensa ba. Sana'ar ta yi ƙarfi ne a Amurka. A 1995 injiniyan sauti Jerry Harvey ya ƙera wa mai ganga Alex Van Halen nasa, daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Yanzu akwai JH Audio da 64 Audio da Sensaphonics da Westone da wasu da dama, farashi kuwa daga wajen dala 500 har ya wuce 2,000.

Kafin ka ciro ko sisi, ka riƙe abu ɗaya: abin da kake saya shi ne toshewa. Idan monita ya rufe kunne ruf, ba iska ba ƙofa, yana rage ƙarar waje da kusan desibel 26 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Dandamalin da ke da ganguna da lasifikoki sau da yawa yana haura desibel 100. Cire 26 daga ciki, ka ga ka samu sararin da za ka ji muryarka a hankali ba sai ka ƙure sauti ba. Idan kuwa akwai 'yar kafa ko da ta kai bakin allura, kaurin sauti ya tsere ta nan, hayaniya ta shigo, kai kuma ka murɗa maɓalli sama. Monitan dala 2,000 da ke yoyo bai kai na kanti mai soso da ya zauna daidai ba.

Awon kunne

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka a nan za a daɗe.

Wanda zai yi maka awo shi ne ƙwararren ji, irin masu haɗa wa mutane na'urar taimaka wa ji. A sashen kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitocin koyarwa, ko wuri irin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, can ne ake tambaya. Amma ka sani awon na'urar ji da awon monitan mawaƙi ba ɗaya ba ne. Na mawaƙi ya fi zurfi kuma ya fi cika. Kowane kamfani yana da takardar umarninsa ga mai awo. Buga ta a takarda ka tafi da ita, kada ka dogara da bayanin baki.

Kwana biyu zuwa uku kafin ranar, a duba maka kunne a cire dauɗa idan ta taru. Ba da tsinke ko auduga mai sanda ba, domin su tura dauɗar ciki suke yi. Wanda kunnensa ke ciwo ko yana zubar da ruwa, ko dodon kunnensa ya taɓa fashewa, ko an taɓa yi masa tiyata a kunne, sai ya faɗa tun kafin a fara, likita ya yanke hukunci.

Ga yadda aikin ke tafiya. Mai awo zai haska kunnen da fitilarsa. Sannan ya tura ɗan guntun soso mai zare a jiki zuwa cikin ramin. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu, kuma dole soson ya wuce lanƙwasa ta biyu. Za ka ji ba daɗi, wataƙila ma tari ya taso maka ko hawaye. Ba matsala ba ce, wata jijiya ce da ta ratsa wurin. Soson nan shi ne katanga tsakanin silikon da dodon kunne. Saboda shi ne ma bai kamata mutum ya sayi kayan awo ya yi wa kansa a ɗaki ba: idan silikon ya zarce ya manne wa dodon kunne, an bar maganar kiɗa an koma ta asibiti.

Daga nan sai a ba ka wani ɗan toshi ka ciza da haƙoran gaba, kaurinsa kamar santimita 2 da rabi. Dalili kuwa, muƙamuƙi yana maƙwabtaka da ramin kunne. Sa ɗan yatsa a kunnenka ka buɗe baki ka rufe, za ka ji bangon ramin yana motsi. In an yi awo baki rufe, duk lokacin da ka wage baki za ka ja doguwar murya ramin zai faɗaɗa, monitan ya saki, sauti ya zube a daidai inda ka fi buƙatarsa. Awon baki buɗe yana ba da monita mai ɗan matsewa, wanda zai riƙe ko ana tsakiyar waƙa. Wasu kamfanonin, musamman masu yin monita mai laushi, suna da tsarinsu daban game da wannan, shi ya sa takardar umarni take da muhimmanci.

Sai a haɗa silikon mai kashi biyu, mai kauri, a ɗura shi da sirinji tun daga jikin soson zuwa waje, har ya cike kwarin kunne duka, ya hau saman lanƙwasar da ke sama, ya rufe ɗan tudun da ke gaban ramin. Minti 4 zuwa 5 yake yi ya daskare. A wannan lokacin ba magana, ba dariya, ba haɗiyar yawu da ƙarfi. Yawu zai zubo, riƙe hankici a haɓa, kowa haka yake yi.

Da an zare, kada ka tashi sai ka duba da idonka. Soson ya fito a manne da ƙarshen awon, yana kallon hanyar da ramin ya bi, ba a karkace ba. Lanƙwasa biyun su fito sarai. Kada a ga ramukan kumfar iska, ko wurin da ya yi sumul yana ƙyalli, alamar silikon bai taɓa fata ba a nan. Ɗan ƙahon da ke sama, wanda zai maƙale ya riƙe monitan, ya cika. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza a sake, minti 10 ne kawai; in ka bari sai monita ya iso, wata guda ne da kuɗin aike sau biyu. Ɗauki hoton awon ta kowane gefe ka tura wa kamfanin su amince tukuna. Sannan a sa shi a ƙaramin akwati mai tauri, ba ambulan ba, don kada ya lotse a hanya. Kada kuma ya daɗe a ajiye, kamfanoni da yawa ba sa karɓar awon da ya yi watanni. Inda ake da na'urar ɗaukar hoton ramin kunne kai tsaye, fayil kawai ake turawa.

Yaron da bai gama girma ba, kunnensa ma bai gama ba, na kanti ya fi masa. Haka wanda ya yi ƙiba ko ya rame sosai bayan awo zai iya tarar da monitansa ya daina zama.

Abin da za ka zaɓa

Jikin monita ko dai na akirilik ne mai tauri, ko na silikon mai laushi. Akirilik ya fi yawa, yana da sauƙin sawa da gogewa, ana iya gyara shi, amma in ya faɗi a kan siminti yana tsagewa. Silikon yana bin motsin muƙamuƙi, yana toshewa fiye da akirilik, ba ya fashewa, sai dai yana canza launi da shekaru kuma shigarsa kunne sai an saba.

A ciki akwai ƙananan lasifikoki da ake kira direba. Nau'in da ya fi yawa shi ne mai ɗan harshen ƙarfe da ke rawa tsakanin maganaɗisu, wanda asalinsa na na'urar ji ne. Kamfanonin Knowles da Sonion ke ƙera mafi yawansu. Ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake jera da yawa, a raba musu aiki: wannan ya ɗauki sauti mai kauri, wannan na tsakiya, wannan siriri. Ɗaya nau'in shi ne mai fata kamar lasifikar gida, wanda ke ba da kauri mai motsa iska. Masu talla suna son ƙirga direba kamar ana ƙirga shanu, 12, 18. Ga mawaƙi, 2 zuwa 4 sun wadatar, muddin tsakiyar sautin, inda murya take zaune, ya fito tas. Mai ganga da mai jitar bes su ne ke amfana da ƙarin direban kauri, don kada sautin ya ƙwace idan duka ya yi ƙarfi. Monitan da aka tsara don jin daɗin sauraro a ɗaki, mai kauri da ƙyalƙyali da yawa, yakan binne murya a dandamali.

Waya kuwa ta zama mai cirewa, domin ita ce ke fara mutuwa. Mahaɗinta iri-iri ne: mai fil biyu na milimita 0.78, da MMCX mai juyawa, da IPX da aka yi don jure gumi. Sayi ta biyu tun ranar farko.

Ranar da ya iso

Ja na dama ne, shuɗi na hagu. Riƙe shi a ɗan karkace gaba, sa bakin a rami, ka murɗa shi baya har saman ya shige ƙarƙashin lanƙwasar kunne. Wajen cirewa murɗa gaba, kada ka ja da waya. Wayar ta bi ta bayan kunne, ta sauka ta ƙeya, a matse ɗan zoben da ke haɗa su, ta shige cikin riga.

Gwajin toshewa: kunna sauti mai kauri sosai, kamar na haz 50 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), a hankali. Yi murmushi, yi hamma, tauna, juya wuya, ka rera abin da ka saba rerawa da baki a wage. Idan kaurin yana ɓacewa yana dawowa, monitan yana yoyo. Idan kuma wuri ɗaya yana yi maka zafi ko ya yi ja bayan minti 30, ya yi yawa a nan. Ɗan matsi na kwanakin farko ba laifi ba ne, ciwo kuwa laifi ne. Galibin kamfanoni suna gyara kyauta cikin kwana 30, don haka sa alama a daidai wurin, ɗauki hoto, ka mayar da wuri. Kada ka sa magagari ko takardar yashi da kanka.

Za ka kuma ji muryarka tana gunji a cikin kai, kamar ka toshe kunne da yatsa kana magana. Sautin muryar ne ke bi ta ƙashi ya maƙale a ramin da aka rufe. Monitan da bakinsa ya shiga da zurfi yana rage wannan, wani dalili ke nan na wuce lanƙwasa ta biyu.

Yadda sauti zai iso kunne

Wanda ba ya yawo, kamar mai ganga ko mai fiyano, ba ya buƙatar mara waya. Ƙaramin amfilifaya na ƙugu irin Behringer P1 ko P2, da wayar XLR, irin ta makirfo, daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti da ke gaban injiniya, ya gama magana, ba katsewa ba neman tasha. Mai yawo shi ke buƙatar na rediyo, irin Shure PSM 300 ko PSM 900, ko Sennheiser ew IEM G4: na'urar aikawa tana wajen mikisa, ta karɓa tana ƙugu. Bluetooth ba ya cikin lissafi sam. Jinkirinsa yakan wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, alhali mawaƙi yana fara jin muryarsa ta zama baƙuwa tun jinkiri bai wuce 'yan miliseken ba (miliseken kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), saboda wadda ta bi ta ƙashi da wadda ta bi ta waya suna karo. Ko mikisa mai kyau, in aka bi da murya ta kwamfuta mai tarin kayan gyaran sauti kafin ta dawo kunne, wannan matsalar za ta taso.

Na rediyo suna aiki ne a zangon UHF, inda tashoshin talabijin suke, don haka tashar da ta yi shiru a Kano ba lallai ta yi shiru a Abuja ba. A kowane wuri a sake bincike: kunna duk makirfo marasa waya, kashe na'urar aikawa ta monita, sa ta ƙugu ta nemo tashar da ba kowa, sannan a daidaita su biyun. Eriyar aikawa ta zama a sama tana ganin dandamali, ba a cikin akwatin ƙarfe ba, kuma a nisanta ta da eriyar karɓar makirfo da kamar mita 3, in ba haka ba za ta kurmantar da ita. Na'urorin aikawa sun kai uku ko huɗu? A haɗa su a eriya ɗaya da mahaɗi irin Sennheiser AC 41 ko Shure PA411, domin eriyoyi da yawa kusa da juna suna haifar da tashoshin bogi da ke faɗa wa na wasu. Babban allon LED ma yana fitar da hayaniyar rediyo, a yi gwaji yana kunne. Eriyar ta ƙugu kada ta naɗe ko ta manne da jiki mai gumi. Batir sabo kowane taro. Biyu na AA sukan yi kamar awa 5, kuma bikin da aka ce za a fara ƙarfe 8 kowa ya san lokacin da yake farawa.

Inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, a sa mikisa da na'urorin aikawa a kan UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta in ta ɗauke. Ƙarar da ke fita lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, a lasifika abin haushi ce kawai, a cikin kunne kuwa duka ce.

Haɗin sauti

Fara da maɓallin ƙarar na'urar ƙugu a ƙasa, ka sa monita, sannan ka ɗaga zuwa wajen rabi. Injiniya ya turo sauti mai ƙarfi zuwa na'urar aikawa, fitilunta suna kusa da ƙurewa amma ba sa taɓa ja. In ya turo kaɗan, kai za ka ƙure maɓalli, ka yi ta jin shuuu. A kunna mai taƙaita ƙara da ke cikin na'urar ƙugu, kada a kashe shi don wai sauti ya fi daɗi.

Muryarka a fara sawa, ita kaɗai, a tsakiya. A yanke mata duk abin da ke ƙasa da haz 100 zuwa 120. A ɗan sa amsa-kuwwa kaɗan, domin busasshiyar murya a cikin kai tana sa mawaƙi ya takura. In ta yi siriri ko kamar daga cikin tulu, injiniya ya gwada juya fuskar siginar makirfon. Sau da yawa danna wannan maɓalli ɗaya ya fi minti goma na murɗe-murɗe. Sannan a kawo abin da ke riƙe maka kari, fiyano ko jita, sai abin da ke riƙe maka lokaci, babbar ganga ko kalangu. Sauran a sa su ƙasa-ƙasa, wasu ma a bar su. Monita ba faifan sauraro ba ne.

In akwai hali a yi sitiriyo, wato kunnen hagu da na dama kowanne da nasa sautin, ko da yake yana cin layi biyu na mikisa ga kowane mutum. Fiyano ya ɗan karkata hagu, jita dama, 'yan amshi a baje su gefe-gefe, murya ta samu fili a tsakiya ba tare da an ƙara mata ƙarfi ba. In layuka sun yi kaɗan, akwai dabarar da Shure ke kira MixMode, Sennheiser kuma Focus: a turo kiɗa a layi ɗaya, murya a ɗaya, mawaƙi ya daidaita su da kansa daga ƙugu. Kuma duk lokacin da wani abu ya ɓace maka, kafin ka ce a ƙara shi, nemi abin da ya danne shi a rage.

Ƙorafin da aka fi ji daga sababbi shi ne sun rabu da jama'a, ba tafi, ba guɗa, ba amsawar 'yan kallo. Sai ka ga mutum ya zare kunne ɗaya. Wannan ita ce ɗabi'a mafi haɗari a harkar. Ƙwaƙwalwa tana tara sautin kunne biyu ta ji shi da ƙarfi. In ɗaya ya fita, sai na cikin ya zama kamar ya ragu, mutum ya ƙara desibel 6 ko fiye, ga kuma ɗaya kunnen a buɗe cikin hayaniyar dandamali. Duka biyun sun cutu ke nan. Maganin shi ne makirfo biyu a gefen dandamali, dama da hagu, suna kallon jama'a, a yanke musu kauri, a sa kaɗan a cikin haɗin, injiniya ya ɗaga su tsakanin waƙa da waƙa. A kuma ajiye makirfo ɗaya da ba ya fita wajen jama'a don maganar 'yan ƙungiya.

Batun ƙarfin sauti lissafi ne. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. Monita da yawa suna iya fitar da sama da 120, a nesa da dodon kunne da bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. In ka sauka daga dandamali kunnenka yana ƙugi, ko maganar mutane ta yi maka kamar daga bayan ƙofa, ka wuce iyaka a wannan daren. Sa alama a maɓallin ƙugu inda ka tsaya lokacin gwaji, domin kunne yana gajiya ana cikin taro, hannu kuma yana kai kansa wurin maɓalli. Gwajin ji sau ɗaya a shekara ya kamaci duk mai wannan sana'a.

Kulawa

Yawancin monitan da aka ce direbansa ya mutu, dauɗa ce ta toshe masa bututu. Bayan kowane taro goge shi da busasshen ƙyalle, ka juya bakinsa ƙasa ka ciro dauɗa da ɗan madaukin wayar da ya zo da shi, don ta faɗo waje maimakon ta shige. Kada ka zura allura: a cikin bututun akwai 'yar matata da ke daidaita sauti, in ta huje sautin zai yi kaifi. Ba ruwa, ba sinadarin goge-goge sai wanda kamfanin ya yarda da shi. Gumi yana cin direba da mahaɗin waya, saboda haka a kwana da shi a akwatinsa tare da ƙullin tsotse danshi, musamman da damina, a riƙa sauya ƙullin in launinsa ya juya. Da hunturu ƙura ce abin tsoro, akwatin ya kasance a rufe. Kada a bar shi a mota cikin rana.

In kunne ɗaya yana ɗaukewa yana dawowa, musanya wayar hagu da dama: in matsalar ta koma ɗaya kunnen, waya ce, in ta tsaya inda take, monitan ne ko mahaɗinsa. Kuma tunda gyara yana nufin aikawa ƙasar waje da jiran makonni, a jakar kowane mai monitan awo a samu na kanti guda ɗaya mai bakin soso, wanda aka riga aka gwada shi da na'urar ƙugu.